Ina so in ajiye koyarwa in koma gina shafukan intanet a gida, Baba ya ce ba da yawunsa ba

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 29, ina koyar da darasin kwamfuta a wata makarantar kuɗi a Kano. Albashina naira dubu 85 ne, shi ma wani lokacin sai sabon wata ya yi nisa kafin a biya. Ina da mata da 'ya ɗaya, maiɗakina tana da juna biyu na wata biyar, kuma muna zaune ne a wani sashe na gidan mahaifina. Tun ina bautar ƙasa na koyi gina shafukan intanet da manhajar WordPress, kuma zuwa yanzu na yi guda huɗu. Na kantin kawuna da na wata gidauniya a unguwarmu kyauta na yi su, na wata makaranta an ba ni rabin kuɗi, sauran har yau ana ta yi mini yau da gobe. Na wani otal ne kaɗai aka biya ni cif, kuma abin da na samu ya fi albashina na wata biyu. Tun daga ranar hankalina ya rabu da koyarwa. Niyyata in ajiye aiki a ƙarshen wannan zango, in sayi sabuwar kwamfuta da sola, in mayar da ɗakin soro ofis. Maiɗakina ta ce in sayar da sarƙarta da 'yan kunnenta na gwal in yi jari, amma tun da ta faɗa na lura walwalarta ta ragu. Baba, wanda tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya ce ba da yawunsa ba, wai magidanci ba ya wuni a gida yana danne-danne, kuma ba ya so a riƙa nuna gidansa ana cewa akwai ɗan Yahoo a ciki. Yayana kuma ya ce idan na gaji da aji in zo shagonsa a Kantin Kwari. Ina ji a raina idan ban yi yanzu ba, ba zan taɓa yi ba, amma ba na son saɓa wa mahaifina. Mece ce mafita?

Wani malamin makaranta, daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta wasiƙarka a tsanake, kuma tun da na san a ƙage kake, bari in ba ka amsar a gaba, dalilai su biyo baya. Kada ka miƙa takardar ajiye aiki a ƙarshen wannan zango, kada kuma ka kai gwal ɗin maiɗakinka kasuwa. Sana'ar kuwa ka riƙe ta hannu biyu, domin halal ce, tana da gaba, kuma alamu sun nuna hannunka ya faɗa. Abin da nake so ka sauya shi ne tsarin tafiyar, ta yadda ranar barin aji za ta zo da ƙafarta, ba tare da ka jefa mai ciki da ƙaramar yarinya cikin zullumin abin da za a ɗora a wuta ba.

Ban ga laifinka ba da zuciyarka ta yi nisa da koyarwa. Albashin da ka ambata da kaɗan ya ɗara mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sanya wa hannu a watan Yuli na 2024, kuma kowa ya san abin da ya sami farashin abinci da kuɗin mota tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Magidancin da ya ga aiki ɗaya ya kawo masa abin da yake shan hayaniyar yara wata biyu kafin ya samu, dole lissafi ya hana shi barci. Sai dai lissafin da ake yi a daren da aka ga alat mai nauyi yakan manta da watannin da waya za ta yi shiru.

Mu koma kan ayyuka huɗun nan, domin su ne kaɗai shaidar da ke hannunmu. Biyu kyauta, ɗaya rabi, ɗaya cikakke. Wannan ya tabbatar mini ka iya gina shafi, tun da mai otal ba zai biya kuɗi a kan aikin da bai gamsu da shi ba, amma bai tabbatar mini ka iya nemo aiki ba, bai kuma nuna ka iya karɓo haƙƙinka ba. Wanda ke cin gashin kansa a wannan sana'a aiki uku yake yi, shi ke yawon neman ciniki, shi ke ginin, shi ne kuma mai bin bashi, alhali a makaranta wani ne ke nemo ɗalibai, wani ke karɓar kuɗi, kai naka shiga aji. Ka tambayi kanka ta ina aikin otal ɗin ya zo. Idan wani ne ya haɗa ku bisa dace, to har yanzu ba ka san ƙofar da na gaba zai shigo ba, kuma wanda bai san wannan ƙofa ba bai kamata ya saki reshe ya kama ganye ba.

Kasuwar ma ka dube ta da idon ɗan Kano. Yawancin masu sayar da atamfa, turare, takalma da kayan kicin sun riga sun sami abin da ke musu aiki. Suna ɗora hoton kaya a WhatsApp, Instagram, TikTok ko Facebook, mai saye ya yi taransifa, ɗan sahu ya kai kaya har gida. Irin wannan ɗan kasuwa idan ka ce masa ya kawo kuɗi masu kauri a gina masa shafi, abin da zai tambaye ka shi ne kwastoma nawa shafin zai kawo masa, kuma tambaya ce ta mai hankali. Idan a gaskiya ba ya buƙatar shafi, ka gaya masa, ka tsara masa jerin kayansa a WhatsApp Business, ka sanya shagonsa a taswirar Google wadda rajistarta kyauta ce, ka karɓi ɗan ladan aikinka, gobe shi ne zai turo maka wani. Masu buƙatar shafi na haƙiƙa su ne waɗanda wani na nesa ke bincikar su kafin ya danƙa musu kuɗi ko amana. Mai fitar da riɗi daga kasuwar Dawanau zuwa Japan, Sin ko Turkiyya, ko mai tura zoɓo Meziko, yana buƙatar shafi da adireshin imel mai ɗauke da sunan kamfaninsa, domin mai sayen da bai taɓa taka Kano ba da wannan zai fara auna shi. Haka ƙungiyoyin da ke neman tallafi daga waje, da asibitoci masu zaman kansu, da kamfanonin jigilar Hajji da Umara, da masu sayar da filaye da gidaje. 'Yan siyasa ma za su neme ka idan kakar zaɓe ta ƙarato, kuma shawarata game da su gajera ce: ka karɓi kuɗinka duka kafin ka buɗe kwamfuta.

A cikin waɗannan duka, da ni ne kai, makarantun kuɗi zan fuskanta, domin nan ne kake da abin da sauran masu sana'ar ba su da shi. Kai ka san yadda malamai ke kwana suna tara maki a ƙarshen zango, ka san layin iyaye a ofishin karɓar kuɗi a makon farko, ka san rigimar da ake yi idan rasit ya ɓata. Mai makaranta ba zai motsa ba idan ka ce masa za ka yi masa shafi mai kyan launi, amma zai gyara zama idan ka nuna masa yadda uba zai cika takardar neman gurbi daga wayarsa, ya biya kuɗin makaranta ta Paystack ko Flutterwave, rasit ya fito nan take, ya kuma duba sakamakon ɗansa ba tare da ya bar kasuwa ba. Ka gina samfuri ɗaya mai aiki, da sunan makarantar da babu ita da ɗaliban da ka ƙirƙira, ka riƙa nuna shi a waya. Wanda ya ƙware a fanni ɗaya yana saurin gamawa, yana iya tsayar da farashi, kuma masu makarantu sun san juna, labari yana saurin zagawa a tsakaninsu.

Akwai kuma inda sababbin shiga suka fi yin asara, wato su gina shafi, su karɓi kuɗi sau ɗaya, su yi sallama. Shafi yana buƙatar kulawa muddin yana raye. Sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan WordPress suke, shi ya sa masu kutse suka fi sa masa ido, kuma yawancin ɓarnar ta ƙananan manhajojin da aka bari ba a sabunta ba take shigowa. Dole wani ya riƙa sabunta su, ya ajiye kwafin shafin a wani wuri daban, ya biya kuɗin adireshi, wato sunan shafin a intanet, da na masauki, wato inda ake ajiye shafin, kafin wa'adinsu ya cika, ya ɗora sanarwar hutu da hotunan bikin yaye ɗalibai. Wannan wani ɗin kai ne, kuma aiki ne da ake biya duk wata ko duk zango. Ka yi lissafi da kanka: wurare goma da kowanne ke ba ka naira dubu goma a wata sun riga sun zarce albashinka na yanzu, ko da ba ka sami sabon gini a watan ba. Wannan kuɗin kulawa shi ne zai maye gurbin albashi, domin kuɗin sabon gini yana zuwa ne ya ɗauke.

Batun yarjejeniya kuwa, kada kunya ta sake cin kuɗinka. Kafintan da aka ba aikin gadon amarya ba ya sayo katako da kuɗin aljihunsa, sai an ba shi kafin alƙalami, kuma ba wanda ke ganin hakan rashin mutunci ne. Ka tanadi takarda mai shafi ɗaya da ke bayyana yawan ɓangarorin da za a gina, wanda zai kawo rubutu da hotuna, sau nawa za a yi gyara kafin a fara cajin ƙari, ranar miƙa aiki, da yadda za a biya: rabi kafin a fara, sauran kafin shafin ya hau adireshinsa na dindindin. Kafin cikon ya shigo, ka riƙa nuna aikin a adireshin wucin gadi da ke hannunka. Idan wani dattijo ya ce ai tsakaninku ba sai da takarda ba, ka tuna masa cikin ladabi cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba. Ka kuma sanya wa farashinka wa'adi, kamar mako biyu, domin masauki da manhajoji da yawa da dala ake sayen su, kuma ka ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara guda. Inda ya dace, adireshi mai ƙarewa da .ng ko .com.ng, wanda NiRA, ƙungiyar rajistar adireshin intanet ta Najeriya, ke kula da shi, da naira ake biyansa ta hannun dillalan da ta amince da su. Kowane iri ka saya, ka yi rajistarsa da sunan mai shafin da imel ɗinsa, ka miƙa masa kalmomin sirri a rubuce. Wasu kan riƙe adireshin da sunansu domin su ɗaure kwastoma, amma wannan cin amana ne, kuma ranar da aka gane, sunanka ne zai ɓaci a wurin mutum goma.

Makarantar da ke riƙe da rabin kuɗinka, ka daina bin ta da saƙon waya. Ka je da ƙafarka a mako na biyu ko na uku da komawa hutu, lokacin da kuɗin makaranta ke shigowa, ka tafi da takardar da ke nuna abin da aka yi, abin da aka biya da abin da ya saura, ka nemi a raba maka shi kashi biyu ko uku da ranaku tsayayyu. Kada ka rufe musu shafi don huce haushi tun da ba ku yi haka da su tun farko ba, amma ka sanar da su cewa ba sabon aiki sai an kammala tsohon lissafi. 'Yan'uwa da abokan arziki kuma ba za su daina neman na kyauta ba. Dabarar da ke raba gardama ita ce ka rubuta ainihin farashin a takarda, sannan ka rubuta rangwamen da ka yi a ƙasansa, ko da rangwamen ya cinye kuɗin duka, domin a san darajar abin da aka karɓa. Kawunka da mutanen gidauniyar nan ma suna da abin biyanka da ba kuɗi ba, kowannensu ya haɗa ka da mutum biyu da ya san suna buƙata.

Da ka duba kayan aiki da kyau za ka ga jarin da kake tunani ya fi ƙarfin buƙatar. Kwamfutar da ta gina shafi huɗu za ta gina na biyar. Idan nauyi take yi, masu gyara a Farm Centre ko titin Beirut za su ƙara mata ƙwaƙwalwa, su sa mata ma'ajiya mai sauri da sabon batir a kan kaso kaɗan na kuɗin sabuwa. Wuta kam gaskiyarka ne, ba a dogara da ita, kuma ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka haura mako guda cikin duhu. Amma cajar kwamfutar cinya yawanci wat 45 zuwa 65 take ja, na'urar intanet ba ta kai haka ba, don haka faranti ɗaya na sola da ɗan matsakaicin batir sun isa su riƙe maka kwamfuta, fitila da fankar da za ta cece ka a watan Afrilu. Babban inbata mai ɗaukar firji ya jira sai sana'ar ta saye shi da kanta. Ka riƙe layukan waya biyu na kamfanoni daban-daban saboda ranar da ɗaya zai ɗauke, ka kuma sa kuɗin data cikin farashinka, tun da ya ƙaru bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025.

Yanzu bari mu zo kan maiɗakinka, domin ita ce ta fi ba ni tausayi a wasiƙar nan. Tayin da ta yi maka ƙauna ce, shirun da ya biyo baya kuma tsoro ne, kuma duka biyun gaskiya ne. Gwal a wurin mace ya wuce ado, shi ne abin da take kallo ta ji cewa idan haihuwa ta zo da gardama aka ce sai an yi aiki, ko wata lalura ta faɗo da tsakar dare, akwai abin ɗagawa. Dukiyarta ce, ciyarwa kuma a wuyanka take. Ayar da ta halatta wa miji cin wani abu daga sadakin matarsa, ta 4 a Suratun Nisa'i, ta gindaya sharaɗin daɗin rai, kuma kai da bakinka ka ce walwalarta ta ragu. Ka same ta a lokacin da hankalinta yake kwance, ka yi mata godiya, ka gaya mata a fili cewa sarƙarta tana nan inda take, sannan ka buɗe mata lissafinka: abin da ke shigowa, abin da ka ware domin awo, haihuwa da ragon suna, da sharaɗin da ka gindaya wa kanka kafin barin aiki. Ka tambaye ta abin da take tsoro, ka kuma yi shiru ka saurara, wataƙila ka ji abin da ba ka zata ba, kamar yadda wuninka a gida zai takura wa maƙwabta da 'yan'uwanta mata da suka saba shigowa. Idan nan gaba sana'ar ta tsaya da ƙafarta ita kuma ta so sa hannu, sai a rubuta shi a matsayin rance ko hannun jari, da shaidu.

Mahaifinka kuma kada ka ɗauke shi a matsayin mai tare maka hanya. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a zamanin da mutuncin magidanci yake a fita da safe, a dawo da yamma, a karɓi albashi a ƙarshen wata, a yi ritaya da fansho, kuma da wannan ma'auni ya ciyar da ku har kuka girma. Tsoronsa na biyu ma ba shaci-faɗi ba ne, domin kusan kullum ana jin hukumar EFCC ta kama matasa da kwamfutoci, kuma mutumin unguwa ba ya bambance mai gina shafi da mai damfara, abin da ya gani kawai saurayi ne a ɗaki da kwamfuta, kuɗi kuma na shigowa. Maganin wannan zargi shi ne sana'arka ta zama abar gani da taɓawa. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, wadda ake yi ta intanet, ka buɗe asusun banki da wannan suna, ka buga rasit da ɗan katin sana'a. Takardar za ta yi maka amfani a wurin makarantu da ƙungiyoyin da ba sa tura kuɗi asusun mutum, za ta kuma yi maka amfani ranar da wani jami'i ya tare ka a hanya yana tambayar abin da ke cikin jakarka.

Sannan ka nemi Yayanka ko wani aminin Baba da yake jin maganarsa ya raka ka, ku same shi bayan sallar isha'i ko wani lokacin da ba baƙi. Ka fara da gaya masa cewa ka ji maganarsa, ka janye batun ajiye aiki a yanzu. Bayan haka ka nuna masa takardar rajista, ka buɗe masa shafin otal ɗin a waya ya gani da idonsa, ka nemi izininsa ka riƙa yin aikin da yamma da ƙarshen mako, ka kuma roƙe shi ya zama shaida a kan sharaɗin da ka ɗaura wa kanka. Dattijon da aka mayar da shi alƙalin magana ya fi sauƙin sassautowa a kan wanda aka zo sanar da shi hukuncin da aka riga aka yanke. Idan kuɗin aiki na gaba ya shigo, ka kai masa wani abu a hannu, komai ƙanƙantarsa, ka nemi albarka. Tsakanina da kai, aikin makarantar kuɗi ba shi da tabbacin da aikin gwamnati na zamaninsa yake da shi, amma wannan ba hujja ce da za ka je ka buga masa ba, lokaci zai nuna masa. Hanya mafi girma ta kare sunan gidansa kuwa ita ce ka san irin aikin da kake karɓa. Za a zo maka da tayin gina shafin zuba jari mai alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda, irin MMM da ya kwashe dukiyar jama'a a ƙarshen 2016, ko shafin da ya yi kama da na wani banki, ko na ɗaukar aikin bogi, kuma irin waɗannan ne ke biya da sauri ba tare da ciniki ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana hukunta masu irin wannan, kuma wanda ya gina tarkon yana sane ba zai fita da cewa shi leburanci kawai ya yi ba.

Ɗakin soron da kake wa kallon ofis na Baba ne, sai ka roƙa. Ko ya ba ka, ban so ka mayar da shi wurin karɓar baƙi, domin gidan iyali ne mai mata, kuma zirga-zirgar baƙin fuska ita ce za ta tayar da maganar da ake gudu. Kai ka riƙa zuwa wurin masu aikin, hakan ma ya fi, domin a ofishinsu ne za ka ga yadda suke aiki har ka gane abin da suke buƙata. Idan ka shiga soro, ka shiga da shirin mai fita aiki, da sa'o'i sanannu da mutanen gida suka san ba a aiken ka cefane a cikinsu, ka kuma riƙa fita jam'i a masallacin unguwa ana ganinka ana gaisawa.

Makarantar da kake koyarwa ma tana da haƙƙi a kanka. Kada ka yi aikin kanka a lokacin darasi ko da kwamfutocinsu, kada kuma mai makarantar ya ji labarin sana'arka a bakin wani. Ka gaya masa da kanka, ka yi masa tayin irin tsarin da na ambata a matsayin aiki daban mai farashinsa, domin yana iya zama kwastomanka na farko a wannan tsari, kuma idan tafiya ta yi tafiya, wurinsa za ka nemi a rage maka ranakun koyarwa zuwa uku a mako kafin ka kai ga barin aikin gaba ɗaya. Ka kuma sani cewa sunayen yara, hotunansu, makinsu da lambobin iyayensu amana ce da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanadi hukunci a kan wasa da ita, don haka kada ka ɗora sakamakon jarrabawa a inda kowa zai iya buɗewa.

Tayin Yayanka bai kamata ka yi fatali da shi ba. Ka ba shi ranar Asabar. Kantin Kwari wuri ne da fatake ke zuwa har daga Nijar, Chadi da Kamaru, kuma a wuni ɗaya a bakin shago za ka ga yadda ake yanka farashi ba tare da an ɓata ba, da yadda ake bin bashi ana dariya, wato daidai darussa biyun da suka yi maka ƙaranci. Za ka kuma san manyan dilolin da ke hulɗa da masana'antun waje, waɗanda cikinsu ake samun masu buƙatar shafi.

Na san za a ce maka ka shiga Fiverr ko Upwork, shafukan da masu sana'a ke samun aiki daga ƙasashen waje, ka riƙa karɓar dala. Ana samu, amma ba da wuri ba. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na kowane aiki, yana kuma riƙe kuɗin wajen mako biyu kafin ka iya cira, sannan za ka yi gogayya da dubban ƙwararru daga Indiya, Pakistan da Bangladesh waɗanda suka tara shaidar yabo ta shekaru. Ka buɗe asusu ka riƙa gwadawa a hankali, amma kada ka ɗora tukunyar gidanka a kansa. Ƙirƙirarriyar basira da dandamalin da mutum ke haɗa shafinsa da kansa irin su Wix ma sun sa shafi mai sauƙi ya yi araha ƙwarai, don haka ka koyi amfani da su domin su rage maka wahala. Abin da ba za su yi wa mai makaranta a Kano ba shi ne su zo ofishinsa su koya wa akawunsa aiki da Hausa, su ɗaga waya ranar da iyaye suka kasa biya, ko su tabbatar ƙ, ɗ da ɓ sun fito daidai, Larabcin sashen Islamiyya kuma ya tafi daga dama zuwa hagu yadda ya kamata.

Ga sharaɗin da nake so ka rubuta ka nuna wa Baba da maiɗakinka. Ka ba kanka wata shida daga yau, wanda zai haɗa da haihuwa, suna da arba'in. A cikinsu kowace naira ta sana'a ta shiga asusun sana'a, ka kuma riƙe littafin shiga da fita, har kuɗin data da na mota. Littafin nan zai yi maka rana a wurin haraji ma, tun da sabuwar dokar da ta fara aiki a watan Janairu na 2026 ta yafe naira dubu 800 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, abin da ya haura kuma sai da lissafi. Idan ka sami wata uku a jere da ribarka, bayan cire duk ɗawainiya, ta kai albashinka, kuma kaso mai tsoka nata daga kuɗin kulawa yake fitowa, sannan kana da ajiyar da za ta riƙe gida aƙalla wata huɗu, to ka yi istihara, ka ba makaranta sanarwa a kan kari, ka tafi a ƙarshen shekarar karatu domin kada ka bar ɗalibai a tsakiyar hanya. Idan wata shidan suka cika ba a kai ba, ka ƙara wasu shida kana riƙe da duka biyun, ko ka nemi aiki a wani kamfanin fasaha da shafukan da ka gina a matsayin shaida.

Kafin Juma'a mai zuwa, ka rubuta sunayen makarantu goma da ke kusa da ku waɗanda ba su da shafi ko nasu ya mutu, ka fara da wadda kake da wanda ya san mai ita. Allah ya sauki maiɗakinka lafiya, ya sanya albarka a nema.